Shin Bahaushiya Manomiya Ce? Sharhi a kan Littafin Ester Boserup da Ayyukan Taimakon da Suka Biyo Bayansa

Gabatarwa

A cikin 2024 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yanke shawara a mai da 2026 ta zama Shekarar Mace Manomiya. Wanda ya bi sawun wannan magana baya-baya, ya wuce taron mata na Bejin na 1995, ya wuce na Nairobi na 1985 da na birnin Meziko na 1975, zai tarar da littafi guda a gindinta, watau Woman's Role in Economic Development, wanda Ester Boserup, masaniyar tattalin arziki mutuniyar Danmak, ta wallafa a Landan cikin 1970. Littattafai kaɗan ne suka juya akalar kuɗin taimako kamar yadda wannan ya yi. Shekara uku bayan fitowarsa majalisar dokokin Amurka ta gindaya wa hukumar taimakonta sharaɗin ta riƙa kula da mata a cikin ayyukanta, sauran ƙasashe masu ba da taimako kuwa suka bi a hankali.

Nufin wannan takarda shi ne a auna littafin da mudun ƙasar Hausa, a ga inda ya cika da inda ya kasa, sa'an nan a duba abin da ayyukan taimako suka yi da shi. Za a bi ta hanyar harshe, domin kuwa kafin a aika da taki ko iri ko rance zuwa ƙauye sai an aika da tambaya tukuna, tambayar kuwa da kalmomi a ke yin ta. In kalmar ta karkace, abin da za a aiko a bayanta ba zai sauka a inda aka nufa ba.

1. Abin da littafin ya ce

Boserup ta raba noman ƙasashe masu tasowa gida biyu manya. Na farko shi ne inda mutane ba su yi yawa ba, daji na da faɗi, ana sassabe a noma wuri shekara kaɗan a bar shi ya huta, kayan aiki kuwa fartanya ce. A nan, in ji ta, mata ne ke ɗauke da mafi yawan aikin gona, shi ya sa a ke biyan dukiya mai yawa kafin a aure su, shi ya sa kuma auren mace fiye da ɗaya ya yawaita, tun da ya ke kowace mata ƙarin hannu ce a gona. Ta ɗauki Afirka a kan ita ce cibiyar wannan irin noma. Na biyu shi ne inda mutane suka ƙaru, a ke huɗa da dabbobi, kamar yawancin ƙasashen Asiya. A can maza ne ke noma, mata su koma cikin gida, lulluɓi da tsari su yi ƙarfi.

A kan wannan rabo ta ɗora ƙararta. Ta ce Turawan mulki da malaman gonarsu sun zo da tunanin ƙasarsu, inda manomi namiji ne, suka koya wa maza sababbin dabaru, suka ba su amfanin gona na sayarwa da rance da kayan aiki, suka bar mata da tsohuwar fartanya da abincin gida. Ta haka ci gaban da aka kawo ya ɗaga namiji ya rage darajar mace.

Wajibi ne a ba littafin haƙƙinsa. Kafinsa masana tattalin arziki ba su ɗauki aikin mata abin ƙidaya ba, ita ce ta tilasta musu su ƙidaya. Ta kuma nuna rabon aiki tsakanin namiji da mace ba halitta ba ne, abu ne mai sakewa da yawan jama'a da irin kayan aiki. Haka kuma ba ta ce Afirka duka ɗaya ce ba, ta san akwai wuraren da maza suka fi yin aikin gona. Laifin da za a ambata nan gaba, rabinsa na mabiyanta ne, waɗanda suka ɗauki taƙaitaccen bayanin suka yar da togaciyar.

2. Inda mudun ya kasa

Ƙasar Hausa ba ta shiga ko ɗaya daga cikin gidajen nan biyu ba sosai. Noman Bahaushe tun asali noman hannu ne, na garma da fartanya da hauya. Harshen ma ya shaida haka, gama garma sunan babbar fartanyar huɗa ce ta hannu, da Turawa suka fara yaɗa huɗa da dabbobi a Nijeriya ta Arewa wajen ƙarshen shekarun 1920 sai aka ari sunan aka ce garmar shanu. Bisa ƙa'idar Boserup, inda fartanya ta ke nan mata ke noma. Amma a karkarar Kano da Katsina da Zazzau fartanya na hannun namiji, matar aure kuwa tana cikin kulle. Ga tsari ba tare da garmar shanu ta kawo shi ba.

To, mene ne ya kawo shi? Shaida mafi daraja a nan ita ce ta Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga shi cikin 1954. A zamanin ƙuruciyar Baba, cikin ƙarni na 19, gandun masu hali bayi ne ke noma shi a rinji, maza da mata. Mace mai 'yanci a irin gidan nan ba ta riƙe fartanya. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a Zazzau a wannan lokaci, ya nuna cewa da bauta ta fara mutuwa sai matan da suka sami kansu suka janye daga gona, domin noma ya riga ya zama alamar baiwa, zaman gida kuwa alamar 'ya mai 'yanci. Mutuwar bautar ba ta zo dare ɗaya ba: dokar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa daga lokacin, ba a soke bauta ɗungum ba sai 1936. Koyarwar malamai game da aure ta ƙara wa abin ƙarfi. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta ƙara wasu dalilai biyu na zahiri: ruwa na kusa har ana iya haƙa rijiya a cikin gida, ga kuma jaki mai ɗaukar kaya, sabo da haka ba a bukatar mace ta fita ɗiban ruwa ko dakon dami.

Wannan ya juya ƙarar Boserup. A cikin littafinta fitar mace daga gona asara ce da aka ɗora mata. A wajen matan da Baba ta sani kuwa, barin fartanya ɗaukaka ce da suka nema da kansu. Ba wai ana nufin kulle ba shi da nasa nauyi ba, yana da shi, amma mai binciken da ya shigo da zaton duk macen da ba ta noma an ƙwace mata wani abu ne, ba zai fahimci amsar da za a ba shi ba.

Har ila yau Hausawa ba kashi ɗaya ba ne. Matan Maguzawa suna noma sosai, a gandun miji da kuma gayaunarsu. A karkarar Maraɗi mata Musulmi sun daɗe suna noma, suna da nasu yanki da a ke kira gamana. Ko a inda kulle ya fi ƙarfi, tsofaffi da zawarawa da 'yan mata da matan matalauta suna fita shuka da roro da kala. Amsar tambayar da ke kan wannan takarda tana sakewa da gari, da shekarun mace, da ƙarfin gidanta.

3. Kalmar noma

A nan ne harshe ya shigo. Kalmar noma tana da ma'ana biyu, mai faɗi da matsattsiya. Mai faɗin ita ce sana'ar duka, kamar a ce noma tushen arziki. Matsattsiyar kuwa ita ce aiki guda daga cikin ayyukan damina, watau kashe ciyawa da fartanya bayan shuka ta fito. Shi ya sa a ke cewa noman firi, a ce maimai. Manomi ya kan ce ya gama shuka bai fara noma ba, ba wanda zai ji maganar ta yi karo da kanta. Sassabe da kai taki da huɗa da shuka da girbi, kowanne da sunansa.

Kalmar Ingilishi da a ke fassarawa da noma ta fi wannan faɗi, ta haɗa da kiwo, a bakin masana ma ta kan kai har ga sarrafa amfanin gona. To, sai ɗan ƙidaya ya tsaya a zaure, ya tambayi maigida ko matarsa tana noma. Maigida ya ce a'a, gaskiya kuwa ya faɗa, domin ba ta riƙe fartanya, tambayar ma tana iya zama masa kamar gori. Ɗan ƙidaya ya rubuta ba ta da sana'a. Alhali kuwa a bayan katangar nan da ya jingina ana sussuka, ana shiƙa, ana surfe da daka da tankaɗe. Ana ɓare gyaɗa a soya a matse mai a toya ƙuli-ƙuli. Ana dafa kalwa kwana da kwanaki ta zama daddawa, ana turara shinkafa, ana dama fura, ana turke rago domin Salla. Awaki da kajin gidan ma yawancinsu na matan ne. Harshen Hausa ya ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka suna, ya kuma ba aikin da mace ke yi wa wani gida don lada suna, watau aikatau. Harshe ba ya yanka wa abin da babu shi rago.

Masu binciken da suka shiga cikin gida sun gani. Polly Hill ta buga maƙala cikin 1969 a kan cinikin ɓoye na ƙasar Hausa, ta kwatanta shi da saƙar zuma: kowane gida kasuwa ne, yara masu talla su ne hanyoyin da ke haɗa su, hatsi da yawa kuwa ta hannun matan kulle ya ke canja mai shi. A ƙauyukan nan uku na kusa da Zariya, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, binciken masana na Samaru ya nuna aikin mata a cikin gona ɗan kaɗan ne ƙwarai. Amma Emmy Simmons, da ta bi mata a wannan yanki, ta nuna cikin 1975 cewa sarrafa abinci don sayarwa babbar masana'anta ce ta karkara, mata ne kuma ke riƙe da ita. Bincike biyu, yanki ɗaya, amsa biyu, domin tambayar ta sha bamban. Kada kuma a manta kuɗin wannan sana'a na matar ne ita kaɗai, shari'a ta ɗora wa miji ci da sha da sutura da muhalli, har ta kan ranta masa ko ta sayar masa.

Sabo da haka kuskuren iri biyu ne. Na farko shi ne na ɗan ƙidaya da ya ce mace ba ta yin kome. Na biyu shi ne na mabiyan Boserup, waɗanda suka daɗe suna yawo da maganar cewa mata ne ke yin kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na aikin gona a Afirka. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a rahotonta na 2011, ta ce mata kashi 43 ne cikin 100 na ma'aikatan gona a ƙasashe masu tasowa. Wani bincike na masanan Bankin Duniya, wanda aka buga cikin 2017, ya auna ƙasashen Afirka shida ya sami kimanin kashi 40, a Nijeriya kashi 37, a Nijar kuwa kashi 24 kawai. Wannan ya rushe tsohuwar maganar, amma shi ma aikin cikin gona ya ƙidaya, bai bi dami zuwa turmi ba. Na farko ya ɓoye Bahaushiya, na biyu ya ɗauke ta ya kai ta inda ba ta tsaya ba.

4. Abin da ayyukan taimako suka yi

Cikin 1975 aka buɗe manyan ayyukan raya noma a Funtuwa da Gusau da Gombe da rancen Bankin Duniya. Taki da iri da maganin ƙwari da hanyoyin ƙauye suka kawo, malamin gona namiji kuwa shi ke kai saƙo wurin maigida. Nan maganar Boserup ta tabbata, ko da ya ke ba ta fuskar da ta zata ba. Ba gona aka ƙwace wa mace ba, an dai kashe kuɗi a kan rabin tafiyar hatsi na farko aka bar rabi na biyu.

Aikin ban ruwa na Kogin Kano, wanda ya dogara ga madatsar Tiga da aka gama cikin 1974, ya fi ba da darasi, domin Cecile Jackson ta bi shi ta fuskar mata. Ta gwada matan Musulmi da na Maguzawa, ta ga aikin bai taɓa su ta hanya ɗaya ba. Mai hankali zai ga dalili. In aka sake rabon fili aka rubuta shi da sunan maigida, wadda ke da gayauna ita ke da abin da za ta rasa. In ma'aikata suka cika gari, mai sayar da abinci ta sami kasuwa. In aka sare itatuwa don a daidaita fili, mai daddawa da mai neman itacen girki su ne za su ji a jikinsu. A maƙalarta ta 1978 Jackson ta ba da labarin matan ƙauye da ke aikin lada a gonar wani kamfanin Turawa mai noman kayan lambu, waɗanda suka yi yajin aiki a kan kuɗin da a ke biyansu. Wannan labari kaɗai ya isa ya gyara zaton mai ganin Bahaushiyar karkara ba ta san darajar guminta ba.

Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka kafa sashen mata a cikin ayyukan raya noma na jihohin Nijeriya, aka horar da malaman gona mata, da yawansu daga cikin masu koyar da tattalin gida. Wannan gyara ne na gaske, domin malama tana shiga inda malami ke tsayawa a zaure. Amma akwai wani abin da ba a cika faɗa ba. Injin niƙa da injin casar shinkafa sun hutar da matar mai hali, sun kuma ɗauke aikatau daga hannun matalauciya, injin kuwa galibi na namiji ne. Man kamfani ya yi gasa da man gida, ɗunƙulen kanti ya yi gasa da daddawa. Duk lokacin da wani aikin mata ya sami inji ya fara kawo riba, akwai tsoron ya ƙaura zuwa hannun maza. Wannan shi ne ainihin abin da Boserup ta yi gargaɗi a kai, amma da ya ke an saba neman sa a gona ba a lura da shi a bakin turmi ba.

5. Darasin Maraɗi

A ƙasar Maraɗi an ga abubuwa uku da suka cancanci a jera su. Na farko, cikin 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri mai suna Mata Masu Dubara, wanda wata mutuniyar Norwe, Moira Eknes, ta jagoranta. Ba a kawo jari daga waje ba. Mata ne ke taruwa kowane mako, kowace ta zuba abin da aka amince a cikin akwati, su ranta wa junansu, in zagaye ya cika su raba uwa da riba. Mai karatu zai gane wannan jikan adashi ne, sai dai an ƙara masa rance da ƙa'ida. Daga Maraɗi tsarin ya yaɗu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Nan dabarar ta tashi daga ƙasar Hausa zuwa duniya, taimakon waje ya zama ɗan rakiya.

Na biyu, tun daga 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, tare da manoman yankin suka raya al'adar barin kututture ya tofo a gona a riƙa yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. An kira abin sassabin zamani. Masana sun ƙiyasta ya kai kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Ba don mata aka tsara shi ba, amma gawo da kalgo da sabara da suka dawo gona sun rage wa mai neman itace tafiya, sun ba akuyarta abinci. Aikin da bai ɗauki sunan mata ba yana iya amfanarsu fiye da wanda ya ɗauka.

Na uku shi ne mai ɗaci. Marthe Doka da Marie Monimart sun nuna cikin 2004 cewa a kudancin Maraɗi, inda jama'a ta yi yawa gona ta ƙaranta, ana ture mata daga noma. Gamana aro ce daga miji, in fili ya matse ita a ke fara karɓewa. Har an sami sabuwar kalma, kublen gona, watau kulle a bakin mutanen yamma, amma kullen da ba ya hana mace zuwa kasuwa ko rijiya, gona kaɗai ya ke hana ta. A Zazzau mace ta bar fartanya domin ta sami 'yanci, a Maraɗi an karɓe mata fartanya domin ƙasa ta kasa. Kalma ɗaya ce ta rufe al'amura biyu masu hannun riga. A nan Boserup ta yi gaskiya da ta ɗaura al'amarin mata a kan yawan jama'a. Abin lura kuma shi ne, shari'ar Musulunci ta ba 'ya mace rabin rabon ɗa namiji, ta ba matar mamaci tumuni in akwai 'ya'ya. Inda al'ada ta hana mace gadon gona, hujjar da ta fi ƙarfi a hannunta tana cikin littattafan fiƙihu da ke garinta.

6. Fassarar kalmomin zamani

Saura a dubi kalmomin da a ke yaɗa wannan magana da su a rediyo da takardun hukuma. Kalmar Ingilishi da ke bakin kowa tun taron Bejin, tushenta iko ne. Amma a Hausa an fi jin tallafa wa mata, ko ƙarfafa musu gwiwa. Abin da a ke tallafa wa shi ne wanda ke shirin faɗuwa, wanda a ke ƙarfafa wa gwiwa kuwa shi ne wanda ya karaya. A cikin jimlolin nan biyu mace karɓau ce, mai aikatawa wani ne dabam, iko kuwa ya ɓace a hanya. Daga nan sunan tallafi ya fito, har ya zama a kunnen jama'a yana nufin keken ɗinki ko buhun taki da a ke rabawa a gaban masu ɗaukar hoto. A gwada wannan da sunan Mata Masu Dubara. Kalmar masu ta mallaka ce, ta ce dubarar tana hannunsu tun kafin baƙo ya zo. An kuma bar ta da lafazin mutanen wurin, dubara, ba a mai da ta dabara irin ta Kano ba.

Ci gaba mai ɗorewa, wanda ya bazu bayan rahoton hukumar Brundtland na 1987, ya kuma zama sunan muradai 17 da aka amince da su cikin 2015, fassara ce mai kyau, domin ɗorewa kalma ce da kowa ya sani. Ta ma ba da ma'auni mai sauƙi: mene ne ya rage bayan motar aikin ta daina zuwa? Akwatin adashi ya rage, gawon da ke gona ya rage. Ita kuwa manomiya, nahawu ya yarda da ita, an gina ta kamar maɗinkiya da masaƙiya, amma ba kowace mai sana'ar hatsi ce za ta amsa ta ba. In an fassara shekarar 2026 da ita kaɗai, mai daddawa da mai ƙuli-ƙuli za su ɗauka bikin na wasu ne.

Kammalawa

Littafin Boserup ya yi daidai a kan cutar, watau ci gaban da bai ga aikin mace ba yana rage ta, amma taswirarsa ba ta nuna inda Bahaushiya ta ke tsaye ba. Mabiyansa sun neme ta a kan kunya, alhali sau da yawa tana tsakanin rumbu da kasuwa, wani wuri kuma, kamar Maraɗi, tana gonar amma ana fitar da ita.

Abu uku ya rataya a wuyan malaman Hausa, musamman na makarantun horon malamai, tun da ya ke ɗalibansu ne ke zama tafintoci da 'yan ƙidaya da masu fassara a rediyo. Na ɗaya, a koya musu kada su tambayi ko mace tana noma, su tambayi ayyukan ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, su kuma tambayi matar da kanta. Na biyu, a tattara kalmomin sana'o'in mata na kowane yanki, daga Gobir zuwa Haɗeja, kafin inji ya shafe su, gama kowace kalma shaida ce ta wani aiki. Na uku, a sake duba fassarar kalmomin taimako, a fifita waɗanda ke nuna iko da mallaka da ta-cewa bisa waɗanda ke nuna jinƙai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, taimakon ƙasashen waje kuwa yana da wurinsa. Amma mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo, wanda ya zo taya shi gyara sai ya fara da jin harshensa.